Rabin Fuskata da Askar 'Yar China

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin filin jirgi da koke-koken sallama ba, kowa ya san yadda ake yi. Abu ɗaya kawai za ku riƙe daga ranar. Inna ta kama kunnena a gaban mutane ta ce, "Ummi, da sharaɗi na bar ki. Ranar da ƙasar nan ta taɓa miki lafiya, ko ɗan yatsa ne, ki tattaro ki dawo. In kika ƙi, ban yafe ba." Duk wanda ya san Inna ya san ba ta faɗar wannan kalma don ado.

Na sauka a Levenshulme, wata unguwa a Manchester ta Ingila, gidan Anti Binta ƙanwar Inna, a irin gidajen nan da aka jera manne da juna kamar haƙora, in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka ce masa yarhamukallahu. Mutumin da ya yi mini hanyar zuwa ya rantse aikin nas zan yi. Da na zo, ashe wankan tsofaffi ne da ba su abinci a care home. Na yi tsaki na kama aiki. Takardar zamana a ƙasar a wuyan aikin take rataye, in na tafi na tafi ke nan, babu dawowa. Kuma gaskiya ɗaya ce, ban son komawa.

Dalili kuwa, ni 'yar wanzami ce. Baba ya gaji aska daga ubansa, ubansa daga nasa. Tun ina 'yar shekara bakwai ni ke riƙe masa kwano in yana yi wa mutane ƙaho, ina kallon baƙin jini ina kau da kai. A sakandare "'yar masu ƙaho" ake kirana. Kuma muna da doka a gida: ƙarfe ba ya shiga jikin ɗan gidan sai Baba ya gan shi da idonsa ya sa albarka. Ko allurar rigakafi aka zo yi a makaranta, sai ga Baba da zabirarsa a kafaɗa ya zo duba allurar, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rantse sai na je ƙasar da ake warkar da ciwo da na'ura, inda ba mai tsaga mutum.

Wata na bakwai da zuwana, wata safiyar Talata, ina kurkure baki sai na ga ruwa yana tsiyaya ta gefen dama yana jiƙa mini riga. Na ɗago na dubi madubi. Rabin fuskata na hagu ni ce. Na dama kuwa wata mata ce da ban sani ba, ta saki baki kamar an gaya mata mugun labari. Na rufe ido, na hagu ya rufu, na dama ya tsaya yana kallona. Haushi ya kama ni na ja tsaki.

Bai fito ba. Iska kawai ta fita ta gefe, fuuu, kamar tayar keke.

Wallahi wannan ne ya fara ba ni tsoro. Ni da tsaki tare aka haife mu. Inna ta karya ludayi biyu a bayana saboda shi.

Anti Binta na ganina ta yar da kofin shayi ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Shanyewar ɓarin jiki! Me zan gaya wa Yaya?"

"Ba abin da za ki gaya mata, Anti. Ki ɗauko makullin mota."

Awa huɗu muka yi a kujerun asibiti kafin wata likita ta gan ni. Ta ce in ɗaga hannuwa, na ɗaga. Ta ce in ɗaga gira, ɗaya ta tashi ɗaya ta ƙi. Sai ta yi murmushi, wai albishir ne, tunda har goshin ya mutu to ba daga ƙwaƙwalwa ba ne, jijiyar fuska ce ta kumbura a bayan kunne. Bell's palsy sunansa. Ta ba ni ƙwayoyin kwana goma, da maganin ɗigawa a ido, da filasta in riƙa manne idon in zan kwanta don kada ya bushe.

Na ce, "Sai kuma me?"

Ta ce, "Sai jira. Yawanci yana dawowa da kansa."

"Yaushe?"

"Makonni. Wani lokaci watanni."

Ƙasar na'ura ke nan. Na keto sahara da teku don a ba ni filasta a ce in jira.

Matsalar ita ce Lahadi. Duk Lahadi bayan la'asar Inna da Baba suna kirana ta bidiyo. Na sa Anti ta rantse ba za ta faɗa musu ba, ta rantse tana kuka, don ita ma tsoron yayarta take ji. Lahadin farko na riƙe wayar a karkace, kuncin hagu kawai da ido ɗaya.

"Ke Ummi, ina sauranki?" in ji Inna.

"Kyamarar ce ta lalace, Inna."

"To gyara zama mana."

"Network ne."

Baba yana bayanta yana wasa aska a kan fata, ya ɗago ya dube ni, ya mai da kai. Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Ya ce, "Uwata, kina cin abinci dai?" Na ce ina ci. Ban gaya masa sai na tura lomar tuwo da yatsa daga kuncin dama ba.

Haka na yi Lahadi shida ina aika rabin fuska Kano.

A wajen aiki takunkumi nake sawa, na ce mura nake yi. Wadda ta gano ni wata tsohuwa ce, Margaret, mai shekara tamanin da wani abu, wadda ita shanyewar ɓarin jiki ta gaske ta samu, bakinta ya zube ta hagu. Ina ba ta kunun hatsinsu na safe ta sa hannunta mai lafiya ta fizge takunkumin. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To madalla. Ke dama, ni hagu. In aka haɗa mu za a sami kyakkyawar mace guda." Muka yi dariya, kowa da rabin bakinta, kunu na zuba. Ita ta koya mini shan shayi da tsinken roba ta gefen da ke aiki, da danne leɓe da yatsa in zan yi magana da manaja. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Shawara kuwa na sha ta har na ƙoshi. Matan da Anti ke karatun Asabar da su duk sun zama likitoci. Wata ta ce iska ce ta mare ni don na fita da jiƙaƙƙen kai. Wata ta ce in yi ta taunar cingam, na tauna har muƙamuƙina ya yi tsami. Wata ta ce tafarnuwa da man zaitun, na kwana uku ina warin miya. Wani mai kanti a Stockport Road ya sayar mini da wata na'urar tausa, ya ce daga Jamus take, likitoci ɓoye ta suke yi don kada kasuwarsu ta mutu. Na jona ta a wuta na ɗora a kunci, ta fizge ni har na ciji harshe. Na mayar masa, ya ce bai taɓa ganina ba. Mutum mai fuska irin tawa, wai bai taɓa ganina ba! Na tsaya a gabansa ina son ja masa tsakin da zai bi shi har kabari, sai fuuu. Har ya tambaye ni ko ruwa nake so.

A sati na bakwai girar ta fara ɗan motsi, amma bakin yana nan inda yake. Inna kuma ta ce ta gaji, Lahadi mai zuwa in ari wayar Anti, in ba haka ba ita za ta kira Anti da kanta. Nan ne wata daga matan Asabar ta kawo labarin wata 'yar China a Erdington, can Birmingham, mai wata irin allura da ake kira acupotomy. Wai ta yi wa wata ƙawarta, bakin ya miƙe. Ban tambayi ko wace irin allura ba ce. Na ji China, na ji suna mai tsawo, na ce lallai na'ura ce. Na kira aka ba ni Asabar.

A babbar bas ɗin Birmingham na zauna kusa da taga. Abin da ban lissafa ba, idona na hagu yana ƙiftawa shi kaɗai, na dama yana tsaye. Wani mutum mai jar hula a kujerar da ke tsallaken tawa ya duba sau ɗaya, ya duba sau biyu, sai ya gyara kwalar riga ya ƙifta mini shi ma. Kafin mu yi rabin hanya ya miƙo mini biskit, ya gaya mini ya rabu da matarsa, yana da flat nasa na kansa. Na sauke takunkumin na yi masa murmushi da duk abin da Allah ya bar mini. Bai ƙara magana ba har muka sauka. Biskit ɗin dai na cinye.

Anti ta haɗa ni da ƙanin mijinta, Dakta Kabir, da ke aiki a babban asibitin Edgbaston nan Birmingham, in kwana gidansa ranar Juma'a. Mutumin kirki ne, sai dai yana magana kamar ana biyansa a kan jinkiri. Ya duba fuskar, ya sa na hura kumatu, ya ce, "Ummi, ai kina recovering. Ga girar nan tana motsi. Wannan abin da za ki je, ni ban ce ƙarya ba ne, amma evidence ɗin bai yi ƙarfi ba. Kuma wurin nan akwai jijiyoyi da hanyoyin jini, ba wurin wasa ba ne. Me zai hana ki koma wajen GP, likitan unguwarku, a tura ki physio, masu koyar da motsa jiki, ki ƙara haƙuri?"

"Dakta, haƙurin nan a wane kanti ake sayar da shi? Jibi Inna za ta ga fuskata."

Shi ma ya san Inna. Ya ce, "To aƙalla ki tabbata tana da rajista, kuma allurar sabuwa ce a leda. In ta ce za ta warkar da ke a rana ɗaya, ki tashi ki fito."

Washegari da hantsi na hau jirgin ƙasa zuwa Erdington. Wurin yana saman wani shagon gyaran waya a babban titi, ɗaki fes, gado ɗaya, hoton mutum a bango an zane shi da ɗigo-ɗigo. Matar gajeriya ce, ta kai sa'ar Inna, ba ta da yawan magana. Ta nuna mini takardunta, ta karanta tawa ta asibiti. Na tambaye ta ko zan warke kafin gobe. Ta ce a'a. Ta ce wuraren da naman ya ɗaure a bayan kunne da ƙeya take sassautawa, wasu suna jin sauƙi, wasu ba sa ji, kuma ba za ta yi mini alkawari ba. Na so in tashi don haushi, sai na tuna Dakta ya ce mai alkawarin ce abin gudu.

Na kwanta. Ta sa babban yatsa a bayan kunnena tana dannawa, tana saukowa a hankali zuwa ƙeya, ta tsaya, ta koma, ta sake dannawa har na ce wash. Ta ɗiga alama da alƙalami. Na san wannan yatsan. Haka Baba ke lalube kafin ya kafa ƙaho, har da ɗan karkatar da kai kamar mai sauraron magana a bayan ƙofa.

Sai ta yage leda ta fito da abin. Na ce ta miƙo in gani. Allura ce mai ɗan kauri da mariƙi, amma bakinta ba tsini ba ne. Faffaɗa ne, mai kaifi, aska ce aka ƙanƙance ta har ta koma kamar ƙwayar gero.

Na tashi zaune. "Ina na'urar?"

"Wace na'ura?"

Jama'a, sakiya ce, irin tsagar da Baba ke yi. Sakiya da farar riga da takardar sheda a bango. Na bar Kano, na bar zabira, na sha sanyin Manchester wata tara, na zo Birmingham na kwanta a gaban wanzamiya.

An ce wanzami ba ya son jarfa, to 'yarsa ta fi shi. Amma ba tsoron zafi ne ya hana ni komawa in kwanta ba. Matar ta jefar da wadda na taɓa, ta ɗauko sabuwa tana jira, ni kuwa wuyana ya ƙi sauka kan matashi. Ni da na yi shekaru ina yi wa dokar gidanmu dariya, sai ga shi jikina ya ƙi yarda ƙarfe ya shige shi Baba bai gani ba. Na yi wa kaina faɗa, na ce Ummi ke fa kin yi sakandare. A banza. Kuma na san abin da kiran yake nufi: ba a nuna wa Baba aska a ɓoye masa wurin da za ta shiga, kuma wayar gidanmu a hannun Inna take kwana take tashi.

Na ce wa matar ta ba ni minti biyar. Na kira, na riƙe wayar a miƙe.

Inna ta ɗauka da, "Yau Asabar kuma lafi..." Sai ta ga fuskar. Salatin da ta yi sai da 'yar China ta ja da baya. "Ummi! Wa ya yi miki haka? Tun yaushe? Binta tana ina? Kyamara ko? Network ko? Ki tashi yanzu-yanzu ki nemi jirgi! Me na gaya miki a gaban mutane?"

"Inna, ki ba Baba."

"Ba zan bayar ba!"

Hannun Baba ya shigo ya karɓi wayar. Ya dube ni a natse, bai ko girgiza ba. "Ɗaga gira, Uwata. Rufe ido. Hura kumatu." Daidai abin da likitar asibiti ta sa ni. Ya gyaɗa kai. "Ya fara dawowa. Sati bakwai ke nan ko?"

"Baba, wa ya gaya maka?"

"Shekara arba'in ina riƙe da fuskokin mutane. Kuma yarinyar da ta yi Lahadi shida ana gaya mata 'yan'uwanta sun cinye mata kaji ba ta ja tsaki ba, ai ba lafiya ba."

Inna daga gefe ta ce, "Malam, ka sani ka yi shiru?"

"Jira nake ta kawo kanta. To me ya kawo ki yau?"

Na juya wayar na nuna masa allurar. Ya matso da fuska har hancinsa ya cika allon. Ya ce a juya ta. Matar ta juya a cikin ledarta. Ya ce, "Ikon Allah. Wane maƙeri ya yi wannan?" Ya tambayi ko tafasa ta take yi, na ce sau ɗaya ake amfani da ita a yar. Ya ce almubazzaranci, amma ya fi tsafta. Sannan ya ce a nuna masa inda za ta shiga. Matar ta karɓi wayar da kanta ta haska alamomin da ta yi. Baba ya kai yatsa bayan nasa kunnen, ya gangaro gaba kaɗan ƙarƙashin muƙamuƙi, ya kaɗa yatsa alamar a'a. Matar ta taɓa wurin a wuyana, ita ma ta kaɗa yatsa, ta yi alamar bugun jini da hannu, ta koma kan alamarta ta baya. Baba ya yi dariya ya buga cinya. Ba Turanci, ba Hausa, ba Sinanci, ni da aka ajiye don tafinta ba wanda ya neme ni. Sun yi minti biyar suna nuna wa juna wuyana kamar mahauta biyu a kan bijimi.

Ya ce, "Ta san hannunta. Bismillah, Allah ya sa albarka a ƙarfen."

Inna ta fizge wayar. "Albarkar me? Na ce ta dawo gida! In tsaga ce ai ga ta a gida kyauta!"

Muryar Baba ta fito daga baya, irin wadda yake yi sau ɗaya a shekara. "Hajiya, ba a ɗauke mara lafiya daga hannun mai aiki a tsakiyar aiki. Ubana bai yi wa wani wanzami haka ba, ni ma ba zan fara a kan baƙuwa ba. Ta sa alama, nata ne har ta sallame ta. Uwata, sau nawa ta ce za ki zo?"

Na tambaya. Matar ta ce sau huɗu, duk bayan sati biyu, sannan a gani.

Inna ta yi lissafi da yatsu, ta harare shi, ta harare ni. "Wata biyu. In ta sallame ki baki a karkace, jirgi. Kuma daga yau fuska duka nake son gani, har da kunnuwa."

Na kwanta. Zafin bai kai na hujin kunne ba, sai dai wani ɗan ƙaras-ƙaras da nake ji a cikin naman kamar ana yanke zare. Kafin in gama karanta Ƙulhuwallahu uku ta cire ta manna auduga. Baba yana kallo har ƙarshe, yana cewa, "A hankali, yauwa, haka."

Wata biyun nan na zama 'yar hanya, Manchester zuwa Birmingham. Na kuma koma wajen GP kamar yadda Dakta ya ce, aka tura ni inda aka koya mini motsa fuska a gaban madubi, Margaret na zaune tana gyara mini. Bakin ya riƙa tasowa kaɗan-kaɗan. Kada ku tambaye ni abin da ya yi aikin, don ban sani ba. Dakta Kabir ya ce lokaci ne da ƙwayoyin farko, da ma zai dawo. Matan Asabar suka ce tafarnuwa. 'Yar China ta ɗaga kafaɗa ta ce jikina ne ya yi. Baba kuwa ya zagaye unguwa yana ba da labarin abokiyar sana'arsa ta Ingila, har ya sa na kai mata kilishi. Margaret ta ce na ci amanarta, na bar ta da rabin fuska ita kaɗai, amma ta ba ni alewa.

Lahadin da wata biyu suka cika, Inna ta sa gilashinta ta ce in matso. Ta sa ni murmushi, ta sa ni rufe ido, ta sa ni karanta Fatiha. Ta daɗe tana dubawa.

"Gefen nan bai gama daidaita ba," ta ce. "Ni ban gamsu ba. Kuma ɗan Hajiya Laraba mai kantin taya yana ta tambayarki, na ce masa ƙila kina hanya."

Ban san lokacin da ya fito ba. Dogo, siriri, mai kaifi, tun daga haƙoran gaba har ƙarshen numfashi, tsakin da ya sa Anti Binta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. A fuskar mahaifiyata. Na toshe baki ina jiran abin da zai biyo baya.

Inna ta cire gilashin a hankali. Sai ta rangaɗa guɗa har wayar ta yi ƙara.

"Malam! Malam, zo ka ji! Mara kunyar ta warke!" Ta share ido da gefen mayafi, ta nuna ni da yatsa. "Zauna abinki. Amma wannan na ajiye miki shi, ranar da kika zo hutu ludayi na uku yana jiranki."